Zuwa ga Auta, kan maganar "ai kowa na yi"

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da karatu. Maganar ƙawarki ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya ba na iya jera tunanina, ke kuma da kin ji na ɗauko dogon bayani sai ki ce caji ya kusa ƙarewa.

Kin ce kin ga tabo a hannunta, da kika matsa mata ta faɗa miki ita ke ji wa kanta ciwo in ranta ya ɓaci. Wannan ya dame ni ƙwarai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kika rufe zancen, kika ce, "Umma, ai yanzu ba wani abu ba ne, kowa na yi." Har da tambayata ko ni ce zamani ya wuce.

Ta wani ɓangaren kina da gaskiya, abin ya yi yawa. A 2014 masu bincike sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa wajen kashi 17 cikin 100 na matasa sun taɓa raunata kansu da gangan, ko da sau ɗaya ne, ba da niyyar mutuwa ba. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin shida. A Ingila, inda suke maimaita binciken lafiyar ƙwaƙwalwar jama'a bayan 'yan shekaru, 'yan mata masu shekara 16 zuwa 24 da suka ce sun taɓa yi sun tashi daga kashi 6.5 a 2000 zuwa 19.7 a 2014. Galibi kuma ana farawa ne tsakanin shekara 12 da 14, lokacin da mu iyaye muke musu kallon yaran da ba su san damuwa ba.

To amma ki sake duba lissafin. In ɗaya cikin shida ta yi, biyar ba su yi ba, saboda haka "kowa" ba ta zauna ba. Kuma ko da biyar ɗin ne suka yi, yawan masu ciwo ba ya mai da ciwo lafiya. In zazzaɓi ya kwantar da rabin gida, ba wanda zai ce zazzaɓi ya zama ɗabi'ar gidan, cewa za a yi wani abu ya shigo, a tashi a nemi magani.

Ina so ki fahimci abin da ke faruwa a cikin ƙawarki, don wanda bai fahimta ba yakan yi ɓarna da bakinsa ko da niyyarsa mai kyau ce. Yawancin masu wannan ba neman a kula su suke yi ba. Ai da nema suke, da ba su yini cikin dogon hannun riga ana tsananin zafi ba. Abin da suke faɗa wa likitoci kusan iri ɗaya ne: baƙin ciki, ko tsoro, ko fushi, ya taru ya cika ƙirji har mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai ciwon jiki ya ɗauke masa hankali daga na zuciya. Wasu kuma akasin haka, sun daina jin komai, ba daɗi ba ɗaci, suna neman abin da zai tabbatar musu suna raye. Akwai masu hukunta kansu saboda sun yarda cewa su ba komai ba ne. Sauƙin da ake samu na gaske ne, kuma nan haɗarin yake, domin na 'yan mintoci ne. Daga nan kunya ta biyo baya, da ɓoyo, da jin haushin kai, su haɗu da damuwar farko su ƙara mata nauyi. Gobe in ta dawo, jiki ya riga ya koyi hanya. A haka abin da aka fara sau ɗaya yake zama abin da mutum ba ya iya bari don kawai an ce ya bari.

Kada ki ɗauka na mata ne kaɗai. Yaron da ke naushin bango har hannunsa ya kumbura, sau da yawa abu guda ne, sai dai shi a ce masa mai zuciya ne, a wuce.

Yawancinsu ba mutuwa suke so ba, wannan gaskiya ne. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa raunata kai na cikin manyan alamun da ke nuna wanda zai iya yunƙurin kashe kansa daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke kashe kansu a shekara, kuma a tsakanin masu shekara 15 zuwa 29 wannan ne na uku a jerin abubuwan da ke jawo mutuwa. Shi ya sa kalmar "ba wani abu ba ne" take ba ni tsoro.

Daga ina wannan sabawa da abin ta zo muku? Ba zan ɗora wa waya komai ba, don abin ya girme ta. A zamaninmu ma akwai shi, rufewa ake yi, kuma ina kyautata zaton wani kaso na ƙaruwar da ake gani, bakin da ya buɗe ne. Amma shafukan sada zumunta an gina su ne su lura da abin da kika tsaya kallo, su ƙaro miki irinsa. Yarinyar da ta tsaya kan hoton baƙin ciki guda cikin dare, kafin mako ya zagayo shafinta ya cika da su, har ta ɗauka duniyar ke nan gaba ɗaya. A Landan wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu a 2017, kuma a 2022 jami'in da ya binciki mutuwarta ya yanke cewa abubuwan da ta riƙa gani a intanet sun taimaka wajen ajalinta, tana fama da matsananciyar damuwa. Sai da mahaifinta ya fito ya yi magana sannan Instagram ta sanar a 2019 cewa ta hana sa hotunan raunata kai ƙarara. A 2023 Birtaniya ta yi dokar da ta mai da zuga wani ya ji wa kansa mummunan rauni laifi. Bayan waya kuma akwai ƙawance. Abin yakan yaɗu a tsakanin waɗanda ke tare, ba don ana gasa ba, sai don wadda ke cikin ƙunci ta ga ta kusa da ita ta sami wata mafita.

Ni a ganina kuskure biyu ne suka sa irin ƙawarki a tsakiya. Namu na manya shi ne faɗa: rashin godiyar Allah ne, shagwaɓa ce, me aka rage ki da shi a gidan nan? Naku na yara kuma shi ne ɗaga kafaɗa. Ku kuna ganin kun fi mu tausayi tunda ba ku zage ta ba, kuma na yarda kun fi mu iya magana a kan damuwa ba tare da kunya ba, wannan ci gaba ne. Amma wadda aka yi wa tsawa da wadda aka ce wa "ai kowa na yi", duk su biyun ɗaki suke komawa su kaɗai, ba wanda ya tambaye su abin da ke cin su.

Saboda haka ki koma wurinta, lokacin da kuke ku biyu. Kada ki ce ta nuna miki ciwon, kada ki sa ta rantse ba za ta sake ba, don in ta sake, wanda mai yiwuwa ne, ke ma za ta fara ɓoye miki. Ki ce mata kin gode da ta yarda da ke, sannan ki tambaye ta me ke faruwa da ita kafin abin ya taso. Ki yi shiru ki saurara, ko da shirun ya yi tsawo. Sai kuma tambaya mai nauyi, wadda na san bakinki zai yi nauyin furtawa: ko tana tunanin mutuwa? Ki yi ta kai tsaye. An bincika an gani cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, ko ciwon ya yi zurfi, ko ta sha wani abu, to ba a kwana. A wannan sa'ar za ki sanar da babba, a kai ta asibiti, ko za ta yi fushi da ke shekara guda.

Ko ba a kai nan ba, kada ki ɗaukar mata alkawarin rufe sirri. In kin riga kin ɗauka, ki gaya mata a gaban idonta cewa ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, ku zaɓi babban da ta fi sakewa da shi, ki raka ta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki yi mata addu'a, ni ma ina yi, amma a haɗa da likita ko mai ba da shawara da ya san aikin.

Ki kuma gaya mata ana warkewa. Wani bincike a Ostireliya da ya bi matasa tsawon shekaru, aka wallafa shi a 2012, ya nuna kusan tara cikin goma na masu yi sun daina kafin su zama cikakkun manya, ko da yake waɗanda damuwarsu ba ta sami kulawa ba sun fi zama cikin haɗari. Akwai kuma hanyar jinya ta zama da tattaunawa, inda ake koya wa mutum dabarun jure guguwar zuciya har ta lafa, kuma an gwada ta a kan matasa ta yi amfani. Wadda ta ɓullo da ita, Marsha Linehan ta Amurka, a 2011 ta fito ta bayyana cewa ita kanta an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana 'yar shekara 17, tana raunata jikinta. Matar da likitoci ke koyon aiki a wurinta ke nan.

Ke kuma ba likitarta ba ce, ƙawarta ce. Ki yi barcinki, ki yi karatunki, kuma in shafinki ya fara kawo miki irin waɗancan hotuna, ki toshe su. In ya yi miki nauyi, ki sauke a kaina.

Akwai abu ɗaya da na yi ta juyawa kafin in rubuta. Wani lokaci yaro yakan kawo labarin abokinsa don ya ga irin fuskar da za a yi. Ba zarginki nake ba, Auta. Amma in akwai wani ɓangare na labarin nan da yake naki, ko yanzu ko nan gaba, ki sani ba zan yi ihu ba, ba zan ƙwace wayarki ba, ba kuma zan kai zancen gaban dangi ba. Zan taso in zo, mu je wurin likita tare. In faɗa da baki ya yi wuya, ki turo mini saƙo ki ce "Umma, zo", zan gane.

Ki kira ni bayan kun yi magana da ita, ko da dare ne. Babanki da yayyenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba ƙawarki lafiya.

Taki,
Umma