A ci gaba da kaɗa gogunan nan

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan gogunan Yahudawan da 'yan Nazi suka zalunta, waɗanda marigayi Amnon Weinstein na Tel Aviv ya yi shekaru yana tattarawa yana gyarawa. Masu cewa a adana su a gidan tarihi kawai, ban goyi bayansu ba.

Gogen da aka tilasta wa fursuna kaɗawa a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi da ke Auschwitz, 'yan'uwansa na wucewa zuwa aikin bauta, a kunne ya kamata a ji shaidarsa. A 2015 an kaɗa gogunan a Berlin, babban birnin Jamus, inda aka kitsa kisan kiyashin Yahudawa, shekara 70 cif bayan 'yantar da sansanin.

Ina roƙon masu shirya tarukan kaɗa gogunan su riƙa ba da labarin mai kowane goge kafin a fara kiɗa, su kuma ware wa ɗalibai kujeru kyauta.

Naku,
Mai karatu daga Kano