Wasiƙa zuwa ga aminina a kan wani fim na ƙauyen Bengal

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina so in amsa tambayar da ka yi mini, ko akwai fim ɗin da ya nuna rashi da talaucin karkara yadda muka san su a gida. Akwai, kuma daga Indiya ya fito, sai dai ba irin na rawa da waƙa da muka taso muna kallo ba ne. Sunansa Pather Panchali, da harshen Bengali aka yi shi, Satyajit Ray ne ya shirya shi, ya fito a 1955.

Kafin wannan Ray bai taɓa yin fim ba, haka ma mai ɗaukar hotonsa Subrata Mitra, kuma babu wani babban kamfani da ya tsaya musu. Sun fara aiki a 1952, kuɗi suka ƙare har aka jinginar da gwala-gwalan matar Ray, sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa hannu aka kammala. A 1956 ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa.

Fim ɗin labarin wani gidan talakawa ne a ƙauye. Maigidan, Harihar, ya tafi nema, irin yadda namu ke tafiya ci-rani, ya yi wata da watanni babu aike. Matarsa Sarbajaya ta rage da yara biyu, Durga da ƙanenta Apu, har ta kai ga sayar da kwanukan tagulla na gidan don a ci abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamanta da wata tsohuwa, 'yar'uwar mijin, wadda take yi wa gorin abinci har ta bar gidan ta mutu ita kaɗai a waje. Ray bai mayar da matar muguwa ba, ya bar mai kallo ya gane da kansa cewa yunwa ce ta cinye haƙurinta, kuma ni da kai mun ga gidajen da haka ta faru a shekarar fari.

Daga baya Durga ta sha dukan ruwan sama, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu uban yana nesa. Ya dawo da murna yana fito da tsaraba, har da tufar da ya sayo mata, matar kuwa ta kasa buɗe baki. Da ta fashe da kuka, ba a jin muryarta ko kaɗan, wani kiɗa mai ratsa zuciya ne ya rufe ta. Ban san wani fim da ya girmama makokin uwa kamar haka ba.

Ina fata masu shirya fina-finanmu na Kano su juya kyamara zuwa ƙauye da irin wannan natsuwa, domin sau da yawa mutuwa a wurinsu ba ta wuce zaman ta'aziyya na 'yan mintoci, alhali wahalar gida tana farawa ne bayan sadakar bakwai, idan 'yan gaisuwa sun watse.

Don Allah ka neme shi ka kalla, akwai shi da fassarar Turanci a ƙasan hoto, sannan ka rubuto mini yadda ka ga halin Sarbajaya. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini.