Amsa ga Malamin da Ya Tambayi Nawa Aka Biya Ni

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam.

Tambayarka ta iso ni, ko da yake a gidan rediyo ka jefa ta: wai me ya kai Bahaushe Musulmi tace littafi kan falsafar ilimin Hindu har ya buga shi, kuma nawa aka biya shi ya shigo mana da shirka ta bayan gida? Kana da lambata shekara da shekaru. Amma na gane, kiran waya ba ya tara masu sauraro.

Batun kuɗi ba zan ɓata masa tawada ba. Har yau mai ɗab'i yana bina bashin takarda. In ka san wanda ya biya ni, don Allah tura shi can.

Abin da ya ƙona min rai shi ne layi ɗayan nan da ka karanta, ka yi shiru, ka bar jama'a suna salati. Daga Taittiriya Upanishad yake, ɗaya daga tsofaffin littattafan addinin Hindu, cikin wasiyyar da malami ke yi wa ɗalibi ranar sallama: ya faɗi gaskiya, ya riƙe abin da ke wuyansa, ya ɗauki uwarsa da ubansa da malaminsa da baƙonsa a matsayin abin bauta. Marubucin, matashin malamin jami'a da ya yi karatu a Indiya, ya so ya sassauta ya rubuta "a girmama malami". Ni na hana. Kalmarsu, deva, ta wuce girmamawa nesa. Da mun wanke ta, da mai karatu ya ɗauka mu da su duk tafiya ɗaya ce, kuma wannan shi ne ha'incin da kake zargina da shi. Na bar ta yadda suka faɗa, na sa bayani a ƙasan shafi cewa aƙidarsu ce kuma ta saɓa wa tauhidi. Bayanin nan yana shafin da ka karanta, Malam, ƙasa da yatsanka kaɗan. Ka fi ni sanin ƙa'idar malamai cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Ranar dai ta kwanta maka.

Kuma ba kirari muka yi musu ba. Littafin ya yi bayanin gurukula, inda yaro ke barin gidan ubansa ya tare gun malami shekaru, yana hidima, yana fita bara ya kawo abinci, yana haddace Veda, littattafansu masu tsarki, da ka. Duk wanda ya taɓa zaman tsangaya zai ji kamar da shi ake. Sau biyu na mayar wa marubucin rubutunsa, na ce sai ya faɗi waɗanda aka rufe wa ƙofa: 'yan ajin Shudra, da aka hana karatun Veda saboda haihuwa kawai. Na sa ya kawo labarin Ekalavya na cikin tsohon littafinsu na hikaya Mahabharata, yaron da malami Drona ya ƙi karɓa, ya koya wa kansa harbin baka, sai malamin ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan karatu. Wanda aka biya ya yi talla ba ya saka wannan.

Abin da ya ja ni ga aikin shi ne matakan karatu uku da suka jera: ka ji, ka yi tunani a kai, sannan ka zauna da shi har ya shiga jikinka. Na dubi 'ya'yanmu masu haddace darasi su zubar a takardar jarrabawa, na ga a matakin farko muka yada zango.

In karanta Indiyawa laifi ne, sai ka fara da Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Kalila wa Dimna da ke kan kantarka, asalinsa Panchatantra ne, littafin koya wa 'ya'yan sarki hikima. Kuma da Gandhi ya kawo tsarinsa na ilimi ta hanyar sana'ar hannu a taron Wardha na 1937, Musulmi, Dakta Zakir Husain, aka ba shugabancin kwamitin da ya tsara manhajar. Shi ma a tambaye shi nawa ya karɓa?

Mamakina da mu Hausawa ke nan. Tun muna yara ake cika silima ana kallon finafinan Indiya, ana rawa gaban gunki, ana tafi. Marasa lafiyarmu can ake kai su, ɗalibanmu can suke neman likitanci. Sai da aka rubuta littafi mai bayanin ƙasan shafi sannan kishin addini ya motsa. Mai tace littafi a ƙasar nan ba ya samun wanda zai karanta ya ce ga kuskure a shafi kaza. Hukunci kawai yake samu daga bango.

Na aika maka da kwafi ta hannun ɗalibinka, na naɗe shafin. In ka sami kuskure a fassara ko a bayani, rubuto, zan buga raddinka da sunanka a bugu na biyu, in mai ɗab'i ya yarda ya ƙara min bashi.

Wassalam.
Editan littafin