Sanarwa kan zamanmu na gaba: tantance nau'i da gano nau'i

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na lura muna haɗa abu biyu da ya kamata mu raba kafin zaman.

Tantance nau'i shi ne a ba kwamfuta shiri (program) tare da nau'insa (type, wato irin bayanan da yake karɓa da waɗanda yake bayarwa), ta ce ya dace ko bai dace ba. A harsunan kwamfuta irin su Agda da Coq, inda nau'i kan dogara da ƙima, dole ta yi lissafi kafin ta ce nau'i biyu ɗaya ne. Tana yanke hukunci ne saboda lissafin yana ƙarewa. Shi ya sa Agda ke ƙin shirin da ba ta tabbatar zai tsaya ba.

Gano nau'i kuwa, shirin kawai ake ba ta ba tare da nau'i ba, ita za ta nemo nau'in. A tsarin nau'i na masana Hindley da Milner wannan na yiwuwa kullum. Amma a 1993 masani Dowek ya nuna cewa a lambda-Pi, tsarin da nau'i ke dogara da ƙima, babu algoridim (tsararrun matakan lissafi) da zai iya shi a kowane hali, masani Wells kuma ya nuna haka ga wani tsarin nau'i mai suna System F a 1994. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma shi ne dalilin da muke rubuta nau'in ayyukanmu da hannu.

Don Allah kowa ya zo da misalin inda Agda ta kasa cike masa gurbin da ya bari a shirinsa.