Kada ka wanke agogon nan tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin Faransa, ya Hajiya da yara? Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ga hoton agogon aljihu ba ko sallama. Kai da ba ka taɓa riskar ɗaurin aure kan lokaci ba, yau kai ne da agogo!

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne cewar da ka yi za ka kai shi injin nan mai girgiza ruwa na masu wanke zinare. Don Allah kada ka yi. Hoton matar da ke bayan murfin, gilashi ne da aka gasa, ɗan'uwan na jikin kwanon samirar Inna, sai dai shi a kan zinare ko jan ƙarfe yake. Tsagar nan kamar silin gashi kusa da maratayar murfin, girgizar za ta buɗe ta, ɓallin ya tashi.

Wajen yin irin wannan hoton, farin garin gilashi ake fara shimfiɗawa, a shafa wani a cikin murfin don kada ya lanƙwashe wajen hucewa, a gasa a wuta mai zafin digiri kusan 800. Sai a dama launi da man furen lavanda, a zana shi ɗigo-ɗigo da siririn burushi. Masu jure wuta ake fara sawa, irin shuɗi. Ja da ruwan hoda, da ake samu daga zinare, su ne na ƙarshe, don wuta na cin su. Kowane zubi sai an koma wuta, wani aikin fiye da sau goma. Shi ya sa ba a sake gasa tsohon aiki, fuskar za ta dushe.

 

Wani maƙerin zinare, Jean Toutin, ne ya fito da wannan zane a Faransa wajen 1630, mutanen birnin Janeba na ƙasar Suwizalan kuma daga wajen 1760 suka riƙa rufe hoton da garai-garan gilashi. Naka yana sheƙi sumul, don haka ina zaton na bayan 1760 ɗin ne. Samu madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10: aikin hannu ɗigonsa ba ya jeruwa daidai, na bugun inji kuwa reras yake. Haska shi da tocilan ɗin duba jabun kuɗi a cikin duhu; inda aka cike da roba yakan fito da wani haske daban, kuma ciko yana karya farashi sosai.

Goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi kawai, kada ka danna tsakiyar murfin in za ka rufe, kada kuma ka haɗa shi aljihu ɗaya da makullai, na san halinka.

Kilishinka yana nan, ban sami mai zuwa ba. Turo mini hoton cikin murfin, in ga hatimin da maƙera suka buga.

Naka,
Malam ƙarami