Wasiƙa ga ɗana kan ƙwannafin da ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Matarka ta faɗa mini har yanzu kana farkawa cikin dare da ruwa mai tsami a maƙogwaro, kuma omeprazole, maganin nan na rage asid ɗin ciki, ya zama maka goro, kullum yana aljihu. A waya kuwa ba ka wuce "olsa ce, Umma, da sauƙi."

Wa ya gwada ka ya ce olsa ce? Mai kemis? Na yi aikin jinya, na san yadda muke jibga wa kowane ciwon ciki wannan suna. Ƙwannafi daban, gyambon ciki daban. A ƙwannafi, ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi ce ke saki, sai asid ya taso ya ƙona inda ba wurinsa ba. Da yawa daga masu fama da shi asid ɗinsu bai fi na kowa yawa ba. Gyambo kuwa rauni ne a jikin tumbi ko farkon hanji, kuma galibi ko dai ƙwayar cutar H. pylori ce ke jawo shi, ko magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda na san kana afawa in ka dawo a gajiye.

Ita wannan ƙwaya, likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka nuna alaƙarta da gyambo, har suka sami kyautar Nobel a 2005. Ana nemanta a bayan gida ko a numfashi. Gwajin jini da ake yawan yi ban cika yarda da shi ba, don yakan nuna akwai ta ko da an daɗe da kashe ta. Ga abin da nake so ka riƙe: omeprazole yana ɓoye ta. Sai ka yi mako 2 ba ka sha shi ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4, in ba haka ba gwajin na iya cewa babu alhali tana nan, kuɗinka sun tafi a banza. Don haka ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har kanwar da kake jiƙawa.

Idan ya ce a yi endoskofi, kada gabanka ya faɗi. Siririn bututu ne mai kyamara da ake zurawa ta baki, bayan ka yi awa 6 zuwa 8 ba ka ci komai ba. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, mintuna kaɗan an gama. In za su ba ka na barci, ka tafi da wanda zai dawo da kai gida. Yana iya fitowa ba a ga komai ba, kuma wannan bai kore ƙwannafi ba. A nan ne ake yin awon asid na awa 24: bututu siriri ƙwarai ta hanci zuwa hanyar abinci, haɗe da 'yar na'ura mai ƙirga duk lokacin da ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 4, wato asid ya taso, kai kuma kana rubuta lokacin cin abinci, da na kwanciya, da na jin zafin. Ba kowane asibiti ke da shi ba, shi ya sa nake so ka ga likitan ciki a asibitin koyarwa.

Wancan da ake yaɗawa a Facebook, wai ka sha bakar hoda ka jira gyatsa don sanin yawan asid ɗinka, ba gwaji ba ne.

Amma in abinci ya fara tsaya maka a ƙirji, ko kana rama ba dalili, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, ba maganar jiran mako 2, ka tafi a ranar. Haka in ciwon ƙirji ya zo da gumi yana sauka hannun hagu, zuciya za su fara dubawa.

Ka kira ni da zarar kun gama da likita. A shafa mini kan yara. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka