Wasiƙa kan jelifish ɗin da suka girma a sararin samaniya

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ga amsar tambayarka kan abin da ya sami jelifish ɗin da suka girma a sararin samaniya. Jelifish dai halittar tekun nan ce mai siffar laima da jiki kamar yauƙi.

A watan Yunin 1991 kumbon Columbia na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tashi da ƙananansu kusan 2,500, ya yi kwana tara a sama. Dorothy Spangenberg ce ta jagoranci binciken. An zuba su a kwalabe da jakunkuna cike da ruwan gishirin da aka haɗa, wasunsu tun suna matakin da suke manne wuri guda kamar tsiro. Da aka sa wa waɗannan sinadarin aidin sai kowane ya rarrabu falle-falle, 'ya'ya masu iyo suka fito.

Sirrin yadda jelifish ke gane sama da ƙasa yana bakin laimar. Akwai gaɓoɓi takwas a kewaye, kowace da 'yar jaka mai ɗauke da tsakuwoyin sinadarin kalshiyam salfet. In halittar ta karkace, nauyin tsakuwoyin sai ya rinjaya ƙasa, su taɓa 'yan gashin da ke haɗe da jijiya, nan take ta gane ina ne sama. Mu ma haka cikin kunnenmu yake, sai dai namu tsakuwoyin kalshiyam kabonet ne. Don haka ma aka zaɓi jelifish, ga shi kuma cikin 'yan kwanaki gaɓar take kammala.

Da suka dawo, a ido ba ka raba su da na ƙasa, tsakuwoyin ma sun fito daidai. A iyo aka kama su. Kusan ɗaya cikin biyar bugun laimarsu ya rikice, hannuwan da ke kewaye da laimar ba sa motsi tare, kamar mai hajijiya, alhali a cikin waɗanda suka girma a ƙasa abin bai wuce uku cikin ɗari ba. Tunda tsakuwa lafiya take, zargi ya koma kan jijiyoyi da tsoka, waɗanda suka ginu a kumbo, inda ba a jin nauyi, ba tare da jan ƙasa ya taɓa gwada su ba.

Masu cewa jaririn da aka haifa a kumbo zai tashi da jiri, a ganina sun yi gaggawa. Jelifish ba shi da ƙwaƙwalwa irin tamu mai gyara kuskure da taimakon ido, kuma mafi yawansu ai sun yi iyo lafiya lau.

Ka gaida mutan gida da kyau.

Naka,
Amininka